Ranar da Na Kai wa Kworam Farfesu

Ko tsufa zai sa in manta inda na ajiye makullin ɗakina, ba zai sa in manta ranar da na fita neman Kworam da kular farfesu a kaina ba. Har yau in na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna in yi ta dariya ni kaɗai.

A wani rukunin gidaje muke zaune a Narayi, irin mai ƙofa ɗaya da mai gadi. Maigidana ya rasu ya bar ni da gidan da agwagina. Ni ba mai yawo ba ce, in ba coci ko kasuwa ba ina tsakar gida ina hira da su, kuma da ƙwansu nake cefane. Matsalar ita ce wani tsohon toro a cikinsu, wanda duk faɗin unguwar bai ga wurin kashi ba sai barandar Ciyaman ɗin ƙungiyar masu gidaje. Ciyaman ya rantse sai an hana kiwo gaba ɗaya.

Da can shi da 'yan kwamitinsa ke yanke abin da suka ga dama. To a lokacin aka ce gwamnati ta fito da sabuwar doka: ƙungiya irin tamu ba za ta ƙara ɗora wa mutane ƙa'ida ba sai a taron masu gidaje. Aka fara kiran taro duk Asabar a gindin mangwaro. Ni da ban taɓa zuwa taro ba, sai na zama mai riga kowa zuwa. Rabin maganarsu Turanci ce, ni kuwa karatuna bai wuce Littafi Mai Tsarki na Hausa ba, amma kunnena ba ya barin abu ya wuce. Kullum sai Sakatare ya duba kujeru ya ce, "Ciyaman, yau ma babu Kworam." Ciyaman ya yi tsaki ya ce, "Doka ta ɗaure mu, ba Kworam ba hukunci." A watse.

Na ce a raina, lallai wannan Kworam babban mutum ne, tunda har Ciyaman ba ya motsi sai da shi. Daga jin sunan na yanke cewa mutumin Filato ne. Na yi ta addu'a kada Allah ya kawo shi. Sai wata Asabar Ciyaman ya buga tebur ya ce mako mai zuwa ko ta halin ƙaƙa sai an samu Kworam. Nan na ga addu'a kaɗai ba za ta isa ba, gara in riga Ciyaman ganinsa.

Ranar taron na yanka toron nan, tunda shi ya jawo, na yi farfesu da citta da kanumfari, na ɗauki kula na shiga gida-gida.

"Maman 'Yan Biyu, don Allah ina ne gidan Baba Kworam?"

"Wane? Ko sabon ɗan hayan nan ne? Kai, Mama, wannan ƙamshi fa? Tsaya in ɗauko gyale."

A gida na gaba wata malamar makaranta ce mai ritaya. Da na yi mata bayani sai ta juya baya, kafaɗunta na rawa, na ɗauka tari ne. Ta share hawaye ta ce, "Mama, na san shi sarai. Amma mutum ne mai son girma, ba ya fitowa sai ya ga jama'a. Mu tara masa mutane."

Haka muka bi layi muna ƙwanƙwasa ƙofofi. Duk inda na buɗe baki sai Malama ta riga ni: "Ku fito, Mama za ta gai da Kworam!" Waɗanda suka gane suka biyo don kallo, waɗanda ba su gane ba suka biyo ƙamshi. Har mai ɗinki ta baro kekenta, tef a wuya. Ni kuwa ina gaba ina maimaita abin da zan faɗa masa.

Da muka isa gindin mangwaro, kujeru suka kasa. Sakatare ya miƙe yana nuna mu da biro ɗaya bayan ɗaya, sai ya washe baki.

"Ciyaman, yau Kworam ya samu!"

Na waiga da sauri. Baƙon fuska ɗaya ne a wurin, wani mai ƙaton ciki da jar hula. Na sauke kula, na durƙusa a gabansa.

"Ranka ya daɗe, Baba Kworam. Ni gwauruwa ce. Mai laifin ga shi nan a kula, ka yi wa sauran afuwa."

Mutumin ya ja da baya ya ce, "Mama, ni fa gyaran famfon burtsatse na zo."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Maman 'Yan Biyu har ƙasa ta zauna. Sai da ta lafa Malama ta kama hannuna ta ce, "Mama, kworam ba mutum ba ne. Yawan mutanen da doka ta ce sai sun hallara kafin a yanke magana ne. Ke kika kawo shi." Wato da ƙafata na tara waɗanda za su raba ni da agwagina.

Ciyaman ya gyara murya ya ce masu son a hana kiwo su ɗaga hannu. Shi ya ɗaga, 'yan kwamiti suka ɗaga, matarsa kuwa ta tsura wa mangwaro ido. Mai ɗinki ta ce, "Oga Ciyaman, in an hana, zomayena fa?" Wani daga baya ya ce shi ma yana da kaji a bayan kicin. Ashe kusan kowa da abin da yake ɓoyewa, ni kaɗai ce nawa ke fita yawo. Aka tsayar cewa kowa ya yi kiwonsa, amma a killace. Aka buɗe kula, Ciyaman ya ɗauki cinya yana cewa shi ya fi kowa haƙƙi a kan wannan naman.

Abin da na koya shi ne, in ka ji kalmar da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka ɗora tukunya. Na kuma gane cewa babban mutumin da na yi makonni ina tsoro, ashe ni ce da maƙwabtana, in mun yarda mun fito daga ɗaki.