Baba Guduma da jirgin da ya hana shi barci

Jama'a kun taɓa ganin ƙaton mutum yana tsoron jariri? To ni a gidanmu na gani, kuma babana ne, wallahi ku tsaya ku ji.

Babana rodi yake lanƙwasawa a wajen gini, ƙarfen nan da ake zubawa kankare a kai. Tun yana saurayi aikinsa ke nan, shi ya sa tafin hannunsa ya zama kamar bayan tukunya, kowa Guduma yake ce masa. Mutum ne mai sanyin hali amma hannun nan ba ya jin magana. Kan famfo ya murɗe shi ya fita, kofin gilashi Umma ta daina ba shi sai na roba, wayarsa kuwa fuskar duk ta tsage don da ƙarfi yake dannawa. Ni kaina ina ƙarama ya ɗaga ni yana mini wasa kafaɗata ta goce, ni ban ma tuna ba, shi ne bai manta ba. Daga ranar bai ƙara ɗaukar yaro ba.

Sai Yayata ta haihu, bakwaini, ɗan mitsitsi, har sai da aka sa shi a kwalba a asibiti. Da aka sallame su gidanmu ta dawo. Kowa ya ɗauka, har maƙwabta, Baba kuwa sai ya tsaya bakin ƙofa ya maida hannu baya ya ce sannu abokina, ya juya. Yaya ta miƙa masa ya fi a ƙirga. Ran nan ta fashe da kuka ta ce Baba ƙyamarsa kake yi ne? Ya ce a'a uwata, tsoron hannuna nake. Ga shi an canza wa mijinta wajen aiki, nesa sosai, ƙarshen wata za su tafi, ta ce in bai ɗauke shi ba kafin nan ita ba za ta sake roƙo ba.

Washegari sai ga Baba da wani kwali daga shagon kayan makaranta. Jirgin sama ne na wasa da ake haɗawa, da wani katako wai shi balsa, ba nauyi ko kaɗan, ya fi biskit saurin karyewa, ga takarda shara-shara ta rufe jiki, ga farfela, ga doguwar roba da ake murɗawa ita ce injin. Ya ce ranar da na haɗa wannan ya tashi ban karya shi ba, ranar zan ɗauki yaron nan. Umma ta ce to Allah ya ji ƙan jirgi tun yanzu.

Ai kuwa sandar farko yana taɓawa ƙas. Ta biyu ƙas. Ni nake riƙe masa gam ina danne dariya, ya ce Auta in kika yi dariya gam ɗin nan a hancinki zai ƙare. Kullum ya dawo aiki ya wanke hannu sai ya zauna kan teburin guga, ya shimfiɗa zanen, ya kafe sandunan da allurai, yana yanka da reza yana riƙe numfashi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Fiffike ɗaya sau nawa ya sake shi ni dai na gaji da ƙirgawa. A hankali ƙas ɗin ta ragu. Ran da ya manna takardar ya fesa mata ruwa ta bushe ta ɗame tsaf ba tsaga, ya zaga ɗaki yana nuna wa kowa kamar ya ci jarrabawa.

Sai roba ta ce ba a gama ba. Ni na riƙe jirgi shi yana juya farfela da yatsa, ya yi ta juyawa ya yi ta juyawa irin na masu rodi, sai fau! ta tsinke a ciki ta yaga cikin jirgin. Ya ce kin gani ko, da yaro ne fa. Ya tura kwalin ƙarƙashin gado. Yaya ce ta jawo shi da kanta ta ajiye masa a cinya ta ce yaro ba roba ba ne, gyara. Ya gyara. Ya koma ya gano cewa robar tana faɗa, in ta fara ƙulli-ƙulli ta yi tauri a yatsa to ka tsaya, ya rufe ido yana ji da ɗan yatsan nan nasa mai kanta.

Saura tashi. A tsakar gida ya gwada, ya wurga shi kamar dutse, jirgi ya ɗaga hanci ya dawo ya daki ƙasa. Umma na wanke-wanke ta ce malam ba jifa ake ba, sakinsa za ka yi. Ya manne hancin da ya karye, kwanakin Yaya kuma suka ƙare.

Safiyar tafiya mota ta zo an ɗaure kaya. Baba ya roƙi mijin Yaya su biya ta wajen gininsu, akwai wani babban zaure da aka rufe sama ba a sa tagogi duka ba, amma iska ba ta shiga sosai. Duk muka bi su, har Umma. Leburori suka ajiye shebur suka taru, wani ya ce Guduma yau kuma me za a fasa? Baba bai kula shi ba. Ya murɗa ya murɗa ya tsaya. Ya ɗaga hannu ya buɗe yatsu kawai.

Wayyo jama'a ya tafi! Farfela na firrr, ya hau a hankali ya zaga ginshiƙi ya sake zagawa, hasken taga na ratsa takardar kana ganin haƙarƙarinsa, leburori na ihu ni ina tsalle, har robar ta ƙare ya sauko sumul ya zauna kan tulin yashi ko ƙwarzane babu.

Baba bai ma je ya ɗauko shi ba. Ya goge hannu a riga ya goge ya sake gogewa, ya zauna kan bulo ya ce uwata kawo shi. Yaya ta ɗora masa. Yaron duk bai wuce tafinsa biyu ba. Ya buɗe ido ya kama babban yatsan Baba ya riƙe gam, Baba ya ce kai abokina a hankali mana za ka karya ni, yana faɗa hawaye na zuba. Direba ya yi ta hon, mijin Yaya ya ce Baba rana na yi, ya ce ta yi mana, yanzu na karɓa. Sai da Umma ta ce to ko kai ma a ɗaure ka a saman motar sannan ya miƙa, kuma da ƙafarsa ya kai shi har cikin mota.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa 'yan gidansu da abokansa, ku yi ta turawa har ya kai wajen Yayata, ina so ta gani a wayar wani can inda suka koma.