Dutsen da Na Ƙi Sa wa Hannu

Ana idar da sallar asuba muka bar Harra ta Gabas, unguwarmu a Madina, ni da abokin aikina, ni da jaka ɗaya shi da uku. Masu ta kirana suna tambayar ina na ɓace kwana shida, ga amsarku: Tailan na je, kuma ba shan iska ya kai ni ba. Dutse aka aike ni dubawa.

Ga wanda bai san ni ba, aikina gwada dutse ne a wata warsha da ke bayan titin Sultana, inda muke yanka dutsen daɓe da na bango, mai sheƙin nan da ake kira ruham. Mai warshar ɗan marigayi maigidana ne, a gabana ya girma, kuma dokar da ubansa ya bari ita ce ba a sayen dutse sai na gani da idona na sa hannu. Wannan karon wani kamfani a can ya aiko da samfurin dutse fari mai jijiya ruwan toka, da araha kuma, ga babban aikin otel yana jiranmu. Da safen tafiya ya kira ni a waya, da ammi yake kirana, wato baffa: "Ya ammi, komai halas, an gama magana. Ka je ka gani ka sa hannu kawai."

Jirgin ƙasa ya kai mu Jidda, daga can muka hau na sama, kusan awa takwas muna zaune. Abokin tafiyata haihuwar Chadi ne, shi ke riƙe da takardun warsha, kuma a filin jirgi na gano sirrin jakunkunansa: ɗaya cike take da dabino da kifin gwangwani da busasshen burodi, wai an ce masa mutanen can har kwaɗo suke ci. Na ce masa ai ko kwaɗon ma sai ya ga dama zai yarda ka ci shi.

Bankok ta tarbe mu da zafi mai gumi. Mu mutanen Madina mun san zafi, amma namu busasshe ne, wannan kuwa kana fita rigarka ta manne maka a baya. Wanda ya ɗauke mu Musulmi ne ɗan ƙasar, ya yi karatu a Madina, Larabcinsa ya fi na 'ya'yana tsabta. Shi ne direbanmu, shi ne tafintanmu. Ta hagu suke tuƙi, don haka rabin hanya ina taka birkin da babu shi a gabana. Hanyar sumul take, gonakin shinkafa hagu da dama, kore har ido ya gaji. Ya tsaya da mu wurin wata mata mai lulluɓi da ke sayar da shinkafa mai kurkum da kaza, da wani yaji mai zaƙi-zaƙi wanda sai ya wuce maƙogwaro yake nuna halinsa. Abokina mai gwangwani faranti biyu ya tashi da shi. Kwakwa guda mai sanyi a bakin hanya ba ta kai kuɗin gorar ruwa a filin jirgi ba.

Bayan kamar awa uku duwatsu suka fara fitowa. Ba irin namu ba ne masu shimfiɗa da tsawo. Waɗannan tsaye suke cak a tsakiyar gonaki, ɗaya nan ɗaya can, bishiyoyi sun rufe su har ka. Duwatsun farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi, kuma a cikin wasunsu ake samun ruham. Da muka matso sai na ga an cinye wa wasu rabi, gefe ɗaya kore, gefe ɗaya fari fat. Ganyen ayaba a bakin hanya duk ya yi furfura da ƙura, manyan motoci kuwa ba sa yankewa.

Manajan wurin fasa dutsen ya karɓe mu da fara'a da ruwan sanyi. Na ɗauko 'yar gudumata na bi tubalan da suka yanko ɗaya bayan ɗaya. Haka muke yi: ka ƙwanƙwasa, ka kasa kunne. Lafiyayyen dutse ƙara yake yi siririya mai tsawo, mai tsaga a ciki kuwa sai ka ji ta mutu nan take. Zan faɗi gaskiya, na daɗe ban ji dutse mai kyan wannan ba. Na tambayi ko jijiyar za ta ishe mu aikin duka. Manajan ya ce wadda ke nan ta kusa ƙarewa, amma ta ratsa har bayan dutsen, kuma da zarar mun sa hannu za su buɗe can. Ya ƙara da cewa akwai 'yan mutane kaɗan a wurin, amma sun kusa tashi.

Ni kuwa ba na sa hannu a dutsen da ban ga gindinsa ba. Abokina ya yi ta yi mini ido, ya san in na kafe an shiga uku, amma washegari da hantsi na sa tafinta ya zaga da mu.

Bayan dutsen wata duniya ce daban. Ƙauye ne ƙarami a gindinsa, ga idon ruwa yana fitowa daga ƙarƙashi yana shiga gonaki. Bishiyoyin da ke hanyar hawa duk an ɗaura musu ƙyalle ruwan goro a kugu. Tafinta ya ce irin tufafin 'yan zuhudun addinin Buddha ne, kuma in aka ɗaura wa bishiya, mai zarto yakan ji nauyin taɓa ta. A kan duwatsun gefen hanya kuwa akwai alamun jan fenti, waɗanda ba sai an fassara mini ba, na san inda ake shirin dasa nakiya in na gani. Muka hau matakala har numfashina ya fara tuna mini shekaruna, birai suna kallonmu suna auna jakar abokina.

A sama akwai kogo mai faɗi, sanyi na fitowa daga cikinsa, da warin jemagu. Mutanen ƙauyen sukan kwashi kashin jemagun su yi taki. 'Yan zuhudu huɗu ne ke zaune a ƙananan koguna na gefe, babbansu tsoho ne siriri wanda aka ce tun yana saurayi yake nan. A bakin kogon mata da tsofaffi suna zaune kan tabarma, ashe gadi suke yi bi da bi tun ranar da aka shafa jan fenti. Muka cire takalma. A ciki akwai gumakansu, manya da ƙanana. Ba zan ɓoye muku ba, raina bai so ba, na kawar da kai na tsaya daga gefe, kuma babu wanda ya ce in rusuna wa komai.

A nan na yi wautar da ta canza tafiyar. Hali zanen dutse, in ji Hausawa. Ina ganin bangon kogon, jijiyar nan mai ruwan toka tana ratsa shi, hannuna ya shiga aljihu da kansa, na ciro guduma na ƙwanƙwasa. Ƙarar ta cika kogon. Kafin in yi ta biyu wata tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba ta damƙe mini wuyan hannu, sauran suka miƙe tsaye. Ba ta yi ihu ba, amma riƙon nata na mai aikin gona ne. Tafinta ya ce da ni a hankali, "Ya mu'allim, waɗanda suka zo da fenti haka suka fara yi." Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, domin gaskiyarsu ce: ni ne mai sayen da ake jira.

Tsohon ɗan zuhudun ya matso, ya yi wa matar magana ta sake ni. Sannan ya tambaye ni ta bakin tafinta, "Me dutsen ya gaya maka?"

Na ce masa bangon lafiyarsa lau, amma in ya yarda zan duba sama. Ya yarda. Aka kawo tsani na gora, na hau na bi rufin da guduma, sai ƙarar ta mutu a wani wuri. Ga tsaga nan ta taso daga bakin kogon ta nufi ciki, tsawon mutum biyu. Tsaga in ta tsufa baƙa ce, bakinta a dakushe. Wannan fara ce, bakinta kaifi, gari na zubowa in ka shafa.

Da na sauko aka nuna mini takardar da aka kawo musu. Tafinta ya karanta: wai kogon ya tsufa yana tsagewa da kansa, don haka su tashi saboda lafiyarsu, su da gidajen da ke gindin dutsen. Ba su da takardar mallaka, kakanninsu ba su san ana neman ta ba. Sun kai ƙorafi wurin hukuma, an ce su kawo shaidar cewa nakiya ce ke tsaga kogon. Na kalli tsohuwar nan, na tuna kakata ranar da aka ce unguwarsu za ta tashi, yadda ta zauna a kan akwatinta ta ƙi magana da kowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har da kaina nake fushi.

Ni ba lauya ba ne, amma na san dabarar magina. Na aiki tafinta kasuwa ya sayo jibs, farar hodar nan da ake gyaran silin da ita. Na kwaɓa, na hau tsani na manna faci biyar a kan tsagar, kowanne kamar tafin hannu, na sa aka rubuta ranar a gefe. Na bayyana musu cewa jibs ba ya miƙewa, in dutsen ya motsa ko da kaurin gashi sai ya tsage. Su ɗauki hotonsa kowace safiya, su sake ɗauka bayan kowace nakiya, su ajiye. Tsohuwar ce ta riƙe mini tsanin. Da azahar ta yi, ita ce kuma ta share mana wuri a ƙarƙashin bishiya muka yi salla, tafinta ya nuna mana alƙibla.

A hanyar komawa abokina ya kawo shawara. "Ya mu'allim, mafi mushkila, babu matsala. Ka rubuta cewa dutsen ba shi da kyau, halas, shi ke nan, kowa ya huta." Na ce masa a'a. Ban taɓa yi wa dutse ƙarya ba, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, gobe wani ya ƙwanƙwasa ya ji abin da na ji. Na rubuta cewa dutsen na ɗaya ne, na rubuta inda za a ciro shi da waɗanda za a tasa, na bar wurin sa hannu fari. Manajan ya kira sau uku, na ce a gaya masa amsa tana Madina.

Mun sauka Jidda, jakar gwangwani ta dawo yadda ta tafi sai dabinon da muka bar wa mutanen ƙauye. Muna cikin jirgin ƙasa saƙon tafinta ya shigo. An tashi nakiya da yamma, faci uku cikin biyar sun rabe biyu, ga hoton safe ga na yamma.

Washegari na shiga ofishin mai warsha. Ya karanta rahoton, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Ya ammi, kai da kanka ka ce dutsen na ɗaya ne."

"Na ɗaya ne."

"To ina tauƙi'in, ina sa hannun? Aikin otel ne fa, in ya kuɓuce mutum nawa za su zauna a warshar nan? Kuma waɗannan ba ma Musulmi ba ne."

Maganarsa ta farko tana da nauyi, na sani, domin masu yankan nan duk suna da iyali. Na ce masa akwai dutse a wasu wurare, zai fi tsada, zan tafi neman sa ko gobe. Game da ta biyun kuwa na ce ban koyi cewa zalunci yana halatta in ya faɗa kan wanda ba addininmu ɗaya ba, kuma ubansa bai koya mini haka ba. Na ajiye masa wayata da hoton a buɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ture ta gefe.

"Zan iya tura wani ya sa hannu."

"Za ka iya, warsharka ce. Amma ka gaya mini ko wane ne, domin zan nuna masa hoton nan kafin ya hau jirgi."

Har yau da nake rubuta wannan bai tura kowa ba, bai kuma ce ya fasa ba. Gaisuwarmu ta gajarce, kuma na san mai yiwuwa ne wannan ce tafiyata ta ƙarshe da sunan warshar. Ban san ko hotunan za su ceci kogon ba, wataƙila kamfanin ya sami wani mai saye a wata ƙasa.

Abin da tafiyar ta koya mini kuwa ba mai daɗi ba ne. Shekara talatin ina sa hannu a kan dutse, ina alfahari da kunnena, amma tambayata kullum ita ce ko yana da tsaga. Ban taɓa tambayar wa ke zaune a kansa kafin a yanko shi ba. Daɓen gidaje da otel nawa na shimfiɗa a garin nan, ban san ƙauyen wa ke ƙarƙashinsu ba, kuma yanzu babu hanyar da zan sani. Waɗancan sun wuce, sai istigfari. Wannan ɗaya dai na ga mutanensa, ɗaya daga cikinsu ta riƙe mini hannu, kuma hannun nan ba zai sa a takardar ba.