Samambayar Dona Eulina

Dona Eulina maƙwabciyata ce a garin Maquiné, ƙofarmu na kallon juna. Sana'arta yankan samambaya, tsiron nan mai ganye kamar gashin jimina, wanda ba ya fure kuma ba ya son rana. Da sassafe take hawa dutse da wuƙarta, ta sauko da dami a baya, motar masu sayar da furanni ta kwashe zuwa birni. A kan dutsen nan maciji ya sari mijinta Valdomiro, kafin a sauko da shi rai ya yi halinsa. Ana share makoki ta koma hawa, don ga yara a gabanta.

Da gwiwoyinta suka gaza, 'yarta Neusa ta zo ta tafi da ita birnin Porto Alegre, gidan bene can sama. Eulina ba ta ɗauki komai ba sai tufafinta da samambaya guda a tsohon gwangwanin fenti.

Shukar ta karɓi wurin. Eulina ta rataye ta nesa da taga, tana yayyafa mata ruwa, tana tsinke busasshen ganye. Sai mantuwa ta fara kama ta. Ta ba shukar ruwa, ta zauna, jim kaɗan ta tashi ta sake ba ta.

"Mama, yanzu fa kika zuba," in ji Neusa.

"Ke dai yi aikinki. Tun ba a haife ki ba nake hulɗa da shukar nan."

Saiwar ta ruɓe, ganyen ya yi ruwan ɗorawa. Neusa ta sayo ta roba ta musanya a ɓoye.

Da na je duba Eulina da kwalbar zuma, ba ta gane ni ba. Ta dai miƙo mini ƙoƙon shayin mate kamar yadda ake yi wa baƙo, sannan ta kama hannuna ta ɗora a kan ganyen.

"Baiwar Allah, taɓa ki ji. Kullum ina ba ta ruwa, ko toho ɗaya ta ƙi yi. Fushi take da ni."

"Sanyi ne, Dona Eulina. Za ta yi."

Neusa ta shige ɗakin girki, ta daɗe ba ta fito ba.

A watan Yuli Eulina ta rasu. Mun binne ta a Maquiné ana yayyafi. Gidanta yanzu wasu ma'aurata daga birni suka saya, ƙarshen mako kawai suke zuwa.