Igiyar Awon Ƙirji

Kakata Yagana ba ta yarda da duk abin da aka ce kyauta ne ba. Ko maƙwabciya ce ta aiko da tuwo, sai ta tsare ɗan aiken da tambayar me uwarsa take nema. A ƙauyenmu na kusa da Guri, idan ruwa ya janye kifi ya samu, mukan kewaye wutar banda bayan sallar isha'i, tana juya tarwaɗa muna jiran tatsuniya. Hayaƙi ya yi ta sa mu hawaye, amma ba mai tashi.

A shekarun babban yaƙin Turawa, wani Bature ya sauka a ƙofar Bulama, mai garinmu, shi da tafinta da wata igiya mai lambobi. Aka yi shela cewa gobe kowane saurayi ya fito a auna masa ƙirji, wai riga za a ɗinka musu. Ɗa namiji guda ya rage wa Kaka, autanta Kawu Bukar, wanda tuƙin kwalekwale ya buɗe wa ƙirji kamar ƙyauren ɗaki. Shi yake kamo kifin da take bandawa.

Daren ranar, kafin ta fara tatsuniya, ta dubi yayana Sale da ya zo hutu daga elementare ta Haɗejiya.

"Kai ɗan boko, me Baturen nan yake ta faɗa yana dukan nan?" Ta daki ƙirjinta.

"Ces, Kaka. Ƙirji ke nan."

"Na mace fa, inda jariri ke sha?"

"Wannan kuma bires suke cewa."

"Ashe sun san duka biyun. Sun zo auna ɗaya, ba su nemi izinin ɗayan da ya raine shi ba."

Sai ta ce mu matso, ga wata nan ta kawo mana. Wai zalɓe ne ya je tafkin kwaɗi da zare a baki, ya ce tsiraicinsu ya dame shi, zai yi musu riguna, amma sai mai faɗin ƙirji. Nan fa kowane kwaɗo ya shiga kumbura. Wanda ya cika zaren, sai zalɓe ya zagaya da shi bayan ciyawa don gwaji. Ba wanda ya dawo, sauran kuma suka ce ai girman kai ne na masu sabuwar riga. Uwar wani kwaɗo ta ja ɗanta gefe ta ce idan zare ya zagaye shi, ya saki numfashinsa duka. Ya saki. Zalɓe ya yi tsaki ya shure shi cikin ruwa, ya rayu har ya ga jikoki.

Ban taɓa jin wannan tatsuniya a bakin kowa ba, kuma ina zargin a wurin ta ƙirƙiro ta. Ba mu take kallo ba. Kawu take kallo, yana gefe yana gyaran komarsa ta kamun kifi.

"Bukar, ka ji?"

"Na ji, Iya."

Da safe ta ɗora mini tallan ƙuliƙuli. "Hajjo, ko ba ki sayar ba, ki tsaya inda za ki ga kawunki." Na tsaya. Na ga ya tuɓe riga, tafinta ya zagaya masa igiyar. Tun kafin a ce masa komai ya ja numfashi, ya ƙara ja, har jijiyar wuyansa ta tashi. Bature ya gyaɗa kai ya yi rubutu. Bayan kwana uku aka wuce da su Kano, a matsayin soja.

Kaka ta riƙe hannuna ta tambaye ni, "Ya saki numfashin?"

Na ce, "Ya saki, Kaka."

Daga nan ta rarraba laifi. Igiyar an gutsure ta. Tafinta ya ja da mugunta. Bulama ne ya nuna shi da ido. Ba ta sake taka gidan Bulama ba, ko da aka yi musu rasuwa. Ta rasu shekara guda kafin Kawu ya dawo daga yaƙin ƙasar Bama.

Sai da furfura ta fito mana mu biyun na iya tambayarsa. Ya ce, "Hajjo, ba wanda ya shiga layin nan bai san ba riga ba ce. Ni dai so nake in ga inda kogin nan bai kai ba." Na gaya masa amsar da na ba Iyarsa. Ya rufe fuska da hularsa.

Da can na ɗauka darasin shi ne kada a yarda da baƙo. Yanzu da na raini 'ya'ya maza na gane abin da ya fi ciwo. Matar da ta zargi kowa a garin nan ba ta taɓa kawo ɗanta a rai ba, ko kuma ta kawo, shi ya sa ta tambayi yarinyar da ta san ba za ta iya faɗa mata gaskiya ba.