Rifkatu da ta sa muka yi wa Kwasau azumi

Da safen nan labari ya same ni, Rifkatu ta rasu. Kunun da na dama yana nan ya huce, ban taɓa shi ba.

Ku jikoki da kuke ce mata Kaka Mai Kuka, ku matso. Tare muka yi naɗin alewa a wani kamfani a Bompai, tun iyayenku ba su iya share majina ba. Ita ta fara sayen talabijin a gidan hayarmu, baƙi da fari, sai an mare ta take kamawa.

Ranar Asabar akwai wasan kwaikwayo mai wani mugu, Kwasau, da yake korar marayu daga gida. Muna zaginsa, Rifkatu tana kuka. Wai, "Dubi idonsa, Laraba. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya ci abinci."

Ranar zumuntar mata ta miƙe a coci ta ce a sa wani Kwasau a addu'a, zuciyarsa ta taurare. Mata suka ɗauki azumin kwana uku. Ni da na san gaskiya na ja bakina don in sha kallo, ƙarshenta har ni na yi azumin. Sai da matar fasto ta nemi kwatancen gidansa asiri ya tonu.

To akwai helimanmu a kamfani, Bala, mai kula da mu leburori. Shi ya kore ni ina da cikin wata bakwai, don na zauna a kan kwali. Bayan shekara inji ya cinye masa yatsu uku. Na ce madalla. Rifkatu kuwa ta dafa fate ta kai masa asibiti. Wata biyu ban yi mata magana ba.

Da ta gaji ta tare ni a bakin famfo. Ta ce, "Na san babu Kwasau, ba wawuya ba ce ni. Yesu ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, na gwada da na gaske na kasa, shi ne na fara koyo da na cikin akwati."

Watan jiya na je duba ta. Ta ce, "Kin gai da Bala?" Na ce sai bayan raina. Ta ce, "Bayan nawa dai."

Bala ne ya bugo mini da safen nan. Tsoho yana kuka kamar yaro. Ya ce motar ɗansa za ta kai mu jana'iza gobe, ya ajiye mini kujera. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Shekara arba'in ina riƙe da mutumin nan, ban san yadda ake saki ba.

Ubangiji ya ba Rifkatu hutawa a wurinsa, ya ta'azantar da 'ya'yanta. Ku yi musu addu'a. Ni ma ku sa ni, ba wasa nake ba. Ƙarfe bakwai motar za ta zo, kuma ga shi na tsinci kaina ina goge zane.