Madubin Mai Agogo

Mijin yayata ne ya fara gaya mini cewa rana ma tauraruwa ce, kusa da mu kawai take. Rubuta shi haka, 'yar nan, kada ki gyara mini magana. Ke ba ki san shi ba, ya rasu uwarki ba ta yi aure ba. Mai Agogo ake ce masa, ni kuwa Yaya nake kiransa tunda yayata yake aure. Shi kuma Gwani yake ce mini, kuma ba don yabo ba.

Bango ɗaya ya raba shagona da nasa. Ni ina yankan gilashin taga da madubi, shi yana gyaran agogo. Shagon nasa ɗan tsukut ne, in ya ware hannu sai ya taɓa bango biyu. Akwai teburi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da hantsaki, da murfin kwalba mai ɗan fetur na wanke ƙananan ƙarafa, sai ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya. Agogunan bango sun fi ashirin, kowanne da nasa lokacin. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ce, "Zaɓi wanda ya yi maka."

Ba mutum ne mai daɗin zama ba, gaskiya. Siriri ne, ga saurin fushi. Aji huɗu ya yi a makaranta ubansa ya cire shi ya zaunar da shi a teburin nan. Shi da yayata 'ya ɗaya suka samu, zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara shida, daga nan ba su ƙara ba. Ban taɓa jin ya ambaci sunanta ba bayan haka. Ya dai daina zaman hira a bakin titi, shi ke nan.

Wata rana aka kawo masa agogon bango a kwali, an cusa tsofaffin takardu a gefe don kada ya fashe. A cikinsu akwai wani littafin 'yan makaranta, babu bango babu farko, duk maganar sama ce a ciki. Ya yi shekaru yana bin littafin nan da yatsa. Ni da ban san ko harafi ɗaya ba, ni na zama ɗalibinsa na dole, don ba inda zan gudu.

"Gwani," ya ce ta cikin bango, "ka san wani tauraron da kake gani, haskensa ya taso tun ba a haifi kakan kakanka ba? Sai yanzu ya iso."

Na ce, "Yaya, ka ci abinci kuwa yau?"

Ya ce, "Kai ai kanka ma gilashi ne. Magana ta shiga ta nan ta fita ta can, ba ta bar ko tabo ba."

Amma wasu sun zauna mini. Farar hanyar nan da ke ratsa sama in babu wata, ya ce ba hayaƙi ba ne, taurari ne suka yi yawa suka yi nisa har suka haɗe, kuma ranarmu ɗaya ce daga cikin wannan taron. Sannan ya ce akwai wani taron daban, can waje da namu. In sama ta yi tas, ana ganinsa kamar an dangwala yatsa mai toka a baƙin zane. Haskensa shekara miliyan biyu da rabi yake yi a hanya. Ya taɓa ganinsa da ido sau ɗaya, ranar da wutar gari ta ɗauke gaba ɗaya. Abin da yake so shi ne ya gan shi sosai, ba a dangwale ba.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Yana tafiya sai ya buge ƙofa da kafaɗa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yana tsukewa daga gefe kamar mai leƙe ta bututu. In yana ɗiga magani safe da yamma, zai iya riƙe shi shekara biyu, wataƙila uku. Wani da ya ji haka sai ya kwanta. Shi a ranar ya shigo shagona ya ce in yanko masa gilashi biyu, zagaye, faɗin faranti, mai kauri. Littafin ya nuna yadda mutum zai yi madubin hangen sama da hannunsa.

Na samo masa daga gilashin wani babban teburi da ya tsage. Ya kafa duro a bayan shago, ya cika shi da ruwa don kada ya motsa, ya ɗaure gilashi ɗaya a kai, ya ɗora ɗayan, da garin goga da ruwa a tsakani. Ya tura, ya jawo, ya yi taku ɗaya a gefen duron, ya sake. Haka ake yi har tsakiyar na saman ya ɗan zurma, zurmin da ido ma ba ya gani. Daga gari mai kaushi zuwa mai laushi, kuma kafin ya canza sai ya wanke komai har ƙarƙashin farce. Sau ɗaya ƙwaya guda ta mai kaushin ta ɓuya a hannun rigarsa ta ja masa layi. Sati shida ya koma baya. Ranar ban yi masa ko sannu ba, na san abin da zan samu.

Yayata takan kawo abinci ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Ni dai mai agogo na aura, ga shi ya zama hannun agogon da kansa, sai zagaya duro yake."

Ya ce, "Ajiye can nesa, kada ki zuba mini ƙura."

Amma ita ce take ɗiga masa maganin, ba ta taɓa tsallake ko sau ɗaya ba.

Wata goma sha huɗu ya yi. Da ya gama gogewa, saura shafa azurfa. Wannan ba ya iyawa, ni ma ba na iyawa, mu madubi shafaffe muke saye mu yanka. Aka yi masa kwatancen wani tsoho da ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata makaranta, a wani gari mai tafiyar rabin yini a mota. Ya je ya kwana uku, ya dawo da akwatin katako rungume a ƙirji.

To, a nan ki nutsu ki rubuta da kyau. Madubin da na sani, wanda na yi shekara talatin ina yanka, azurfarsa a baya take, an rufe ta da fenti. Fuskarsa gilashi ne zalla, ki goge yadda kika ga dama. Nasa ba haka ba ne. Azurfarsa a fuska take, tsirara, ba ta kai kaurin numfashi ba. Ba wanda ya gaya mini, ni kuma ban tambaya ba, don ni ne gwani.

Mai walda ya gama bututun da madubin zai zauna a ciki, dogo, ya kai ƙirjina. Idon Yaya ba ya ganin ƙananan kusoshi a cikin duhun bututu, sai ya miƙo mini akwatin ya ce in ɗaura madubin a gindi, a shagona inda haske yake, shi yana da mai jiran agogo. Na buɗe. Ban taɓa ganin abu mai kyansa ba, fuskata ta fito ƙatuwa a ciki. Sai na ga ƙura a kai, da ɗan ɗigon kashin ƙuda a gefe. Wallahi ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi. Na yago jarida, na jiƙa, na dunƙule, na zagaya sau ɗaya kamar yadda nake yi wa kowane gilashi kafin in miƙa wa mai shi.

Da na ɗaga jaridar sai na ga ta yi toka-toka. A madubin kuma ga hanya, ana hango katakon akwati ta ciki. Na ruɗe. Na ce bari in daidaita, na sake gogawa. Kafin hankalina ya dawo, abin da ya rage na azurfar bai wuce zobe a baki-baki ba.

Na ɗaura shi da sauri. A gindin bututun nan, cikin duhu, mai ido biyu ma sai ya leƙa da fitila. Ina ɗaure kusa ta ƙarshe sai na ji muryarsa ta bango.

"Gwani! Na manta ban gaya maka ba. Kada ka taɓa fuskarsa, ko hura masa kada ka yi."

"To, Yaya."

"Ba ka dai taɓa ba ko?"

Na ce, "Ban taɓa ba."

Bayan magariba muka tura shi a baro zuwa wani fili a bayan gari inda ba fitilu, ni da shi da yayata. Ba wata, sama ta yi tas. Shi ba ya iya nemo wancan taron taurarin a sama da kansa, amma ya haddace hanya. Ya ce in nemi taurari huɗu da suka yi kamar taga, in bi daga kusurwa in ƙirga biyu, in hau sama kaɗan. Na bi, na ga tabon da idona, yana nan inda ya ce. Na saita bututun na matsa masa.

Ya sa idon hagu. Ya daɗe. Ya ɗago ya share idon da bakin riga, ya juya ɗan gilashin dubawa da ke jikin bututun, ya sake sawa. Gyare na ta kuka.

Ya ce, "Gwani, zo ka duba mini."

Na duba. Duhu ne, sai wasu 'yan taurari biyu dishi-dishi. A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Wurin tsohon mai azurfa rabin yini ne a mota, kwana uku a dawo, kuma yana da sauran ido. Amma na tuna wata goma sha huɗun nan, na tuna fuskarsa ranar da ƙwayar gari ta ja masa layi, sai tsoro ya hana ni.

Na ce, "Ga shi nan, Yaya. Fari-fari, dogo, kamar yadda ka ce."

Ya dafa bututun. Sannan ya ce, "To, madalla. Aikin ya yi kyau ke nan. Ni ne na makara." Ya ce wa yayata ta zo ta gani. Ta ce abin da bai gani ba ita ma ba ta so. Da ta leƙa, da ta tona ni a wurin, da ya fi mini.

Washegari da safe ta zo da magani ya ture hannunta. Ya ce me zai tsare kuma? Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta turo ni in yi masa magana. Na je na zauna ina ce masa ya yi haƙuri ya ɗiga, ni da na san dalili. Bayan wata biyu ya rufe shago. Kafin wata shida idon ya tafi duka.

Sai da ya shekara a duhu sannan na iya. Na same shi a ɗaki, ƙaramin agogo a cinya yana murɗa shi don kada ya tsaya. Yayata tana bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Na faɗa masa duka, ban rage ba. Na ji ta ajiye farantin.

Ya ce, "Da me ka goge?"

Na ce, "Da jarida."

"Jiƙaƙƙiya?"

"Jiƙaƙƙiya."

Ya yi wata 'yar dariya da ban so ba. Ya ce, "Ai ka iya aikinka." Can kuma ya ce, "To abin da ka ce ka gani fa?"

Na ce ban ga komai ba.

Wannan ne ya fi yi masa ciwo, na gani a bakinsa. Ashe shekarar nan duka abin da yake riƙe da shi ke nan, cewa madubin ya yi aiki, wani ya gani. Ya ce, "Ke nan har yau ba wanda ya san ko na yi shi daidai." Ya ce in kwance shi in mayar cikin akwati in kai wa tsohon ya sake shafawa, in dawo in duba, in gaya masa abin da na gani da gaske.

Na je. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Wata maƙwabciya ta ce ya tafi wurin 'yarsa jinya, in dawo bayan sati biyu. Na dawo gida na faɗa masa. Sati biyu suka wuce ya tambaya, na ce aiki ya yi yawa. Ya sake tambaya, na ce ƙafata. Ba aiki ba ne, ba ƙafa ba ce. Kunyar buɗe akwatin nan nake yi a gaban mutumin da zai ga sawun jarida ya gane. Daga baya ya daina tambaya. Da damina ta kama ya kwanta, kwana tara ya rasu. Yayata ta yi shekara goma sha ɗaya bayansa, tsakanina da ita gaisuwa ce kawai.

Akwatin yana saman kabad ɗin kakarki, bayan tsofaffin barguna. Tsohon can na san ya daɗe a ƙasa. Amma ke kina shiga manyan makarantun nan, ki tambaya mini ko har yanzu akwai mai shafa azurfa a fuskar madubi. In an samu, kada ki ɗauka ki kai ke kaɗai. Ki zo ki kama hannuna mu je, ni ya aika.