Kifin da Na Nemo wa Abokin Zama

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu a wani lungu kusa da Ƙofar Mata. Na gama sakandare, ina ganin kaina mai hankali, kuma mutane sun san ni da tausayi, ko kiyashi ba na so a taka. Maigidana, Malam, marini ne. A wannan shekarar ya faɗi a karofi, wurin aikinsa, aka kawo shi gida ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗauke. Hannun hagu kaɗai yake iya motsawa, sai idanu.

Wani Alhaji da ke sayen rini a wurinsa ya zo dubiya daga Legas da wani ɗan kifin ado a cikin kwalba mai faɗi. Ya ce sunansa beta. Shuɗi ne kamar yanzu aka tsamo shi daga ruwan baban rini, jelarsa na jan ruwa kamar mayafi. Alhajin ya yi wa Malam tsiya, wai ya kawo masa ɗan'uwansa marini. Ya ce in riƙa ba shi abinci ƙwaya uku, in canza masa ruwa da na leda tunda rijiyarmu zartsi ce, kuma kada in kuskura in haɗa shi da wani. Na ajiye kwalbar kusa da katifar Malam. Mutumin da ya yi wata biyu yana kallon rufi, sai ga shi yana bin kifi da ido. Da ya ɗora yatsa a jikin gilashin sai kifin ya taho ya buɗe fiffike. Ranar na fara ganin murmushinsa, da rabin baki. Har koko ya soma shanyewa.

Amma raina bai kwanta ba. A gidanmu ko tantabara ba a kiwon ɗaya, biyu ake saye. Na riƙa jin tsoron Allah ya tambaye ni haƙƙin halittar da na tsare ita kaɗai. Na tafi Sabon Gari na samo wani ja. Mai shagon ta ce mini da Hausarta mai gargada maza ne, kashe juna suke yi. Na ce mata ina da wata kwalbar daban. Ƙarya na yi. A raina cewa nake, idan sun saba ai shi ke nan.

Da zan zuba shi a kwalbar shuɗin, Malam ya riƙa buga hannu a katifa yana gurnani. Na ce masa lallai yau Malam an yi baƙo, irin wannan murna haka. Na gyara masa matashi yadda zai fi gani, na ja ƙofa na tafi suna a Zaitawa, yara suna makaranta. Tun hantsi ban dawo ba sai bayan azahar. Na tarar da shuɗin kifin a mace a ƙasan kwalba, jelarsa ta yayyage tana yawo a ruwa. Malam ya zame daga katifa, hannunsa na hagu a miƙe, bai kai ga kwalbar ba. Hawaye ya jiƙa masa kunne. Duk tsawon lokacin nan yana kallo, ba bakin kiran kowa.

Na durƙusa na roƙe shi gafara, na ce zan nemo wani. Ya juya fuskarsa bango. Na nemo ɗin, bai taɓa kallonsa ba. Cin abincinsa ya ja baya, kafin azumi ya rasu. Na san ajali ne, 'yan'uwa ma sun ce in daina ɗora wa kaina. Amma har yau ban sani ba ko ya yafe mini, kuma ba wanda zan tambaya.

Abin da na gane shi ne, ban ji tausayin kifin ba, raina nake son in kwantar. Mutum biyu sun faɗa mini da baki, na ukun ya faɗa da iyakar abin da ya rage masa, na fassara shi yadda nake so. 'Yan'uwana masu jinyar wanda ba ya magana, idan ya motsa hannu, ku ajiye abin da ke hannunku ku zauna har sai kun gane.